Katin tuni a wurin da hannu ke komawa tsohuwar hanya: nazarin wata ƙungiyar masu tsara darussa

Ƙungiyar mutum 6 ce a sashen horar da ma'aikata na wani kamfani: masu tsara darussa 3, mai zane 1, mai haɗa darussa a manhaja 1, sai shugabar aikin. An ɗora musu kwas na intanet mai kashi 12, wanda zai koya wa ma'aikatan da ke amsa kiran abokan ciniki yadda ake aiki da sabuwar manhajar kamfanin. Ita kuwa manhajar ba a gama rubuta ta ba. Duk mako 2 masu rubuta ta suna fitar da sauyi, ta yadda hoton allon da aka ɗauka yau, kafin wata ya mutu maɓallin da ke cikinsa ya koma wani lungu ko an sake masa suna.

Tsarin da suka saba da shi shi ne ADDIE, mai hawa 5: nazarin buƙata, tsarawa, ƙerawa, aiwatarwa, auna sakamako. Tushensa aikin da Jami'ar Jihar Fulorida ta yi wa sojojin Amurka ne a 1975. A takarda tsarin bai hana komawa baya a gyara ba, amma yawancin ƙungiyoyi suna binsa kamar matakala: ba a taka hawa na biyu sai an sa hannu a kan na farko. Idan abin da ake koyarwa a tsaye yake, hakan yana aiki. Idan yana motsi kamar wannan manhaja, kafin a kai hawa na uku abin da aka amince da shi a hawa na biyu ya riga ya tsufa.

Shi ya sa shugabannin sashen suka ce a koma tsarin ajayil, wato a riƙa yin aiki zango-zango, a gama ƙaramin abu a nuna shi, a ji gyara, sannan a ci gaba. Masu rubuta manhaja 17 ne suka rattaba ƙa'idodinsa a Snowbird da ke jihar Yuta a Fabrairun 2001, manufa 4 da ƙa'ida 12. Ƙungiyar ta zaɓi Sikiram, ɗaya daga cikin salon ajayil, da zango na mako 2, aka yi musu bita ta kwana 2, kowa ya ci gwajin ƙarshe.

Bayan zango 3 sai aka duba allon aikinsu. Zangon farko sun sa masa suna zangon nazari, na biyu zangon tsarawa, na uku zangon tsarawa kashi na biyu. Kati 18 ne, kowanne aiki ɗaya, a layin "ana kan yi", babu ko ɗaya a layin "an gama", kuma babu ma'aikaci ko ɗaya da ya taɓa ganin darasi da idonsa. Sunaye sun sauya, taruka sun ƙaru, aikin kuwa yana nan yadda yake.

Yunƙurin farko: babban fosta

Abin da aka fara yi shi ne abin da kusan kowa ke fara yi. Mai zane ya haɗa fosta mai girman A1, milimita 594 da 841, ɗauke da manufofi 4, ƙa'idodi 12, zanen kewayen Sikiram da kibiyoyinsa, da ma'anar kalmomi kusan 20 a ƙasa. Ya yi kyau ƙwarai. Aka manna shi kusa da ƙofar ofis, aka sa kwafinsa a ma'ajiyar fayil ta ƙungiya.

Bai sauya komai ba, kuma dalilin a fili yake. Fostan yana amsa tambayar "mene ne ajayil?", alhali ba wanda yake yin wannan tambaya a tsakiyar aiki. Mai tsara darasin da masanin fanni, wato wanda ya san aikin da ake koyarwa, ya aiko wa gyara 14 da yammacin Laraba, tambayarsa ita ce: wanne zan yi yanzu, wanne zai jira? Fostan bai da amsa, kuma yana can bakin ƙofa, shi kuwa yana gaban kwamfuta.

Masu tsara darussa sun san wannan ilimi tun daga ayyukan Joe Harless da Allison Rossett a kan abin tuni na aiki: horo yana sa abu a kai, abin tuni yana ajiye shi a waje, inda ido zai same shi a lokacin buƙata. Ana zaɓar abin tuni idan aikin ba kullum ake yin sa ba, ko matakansa suna da yawa, ko kuskure a cikinsa yana da tsada, ko ƙa'idarsa tana yawan sauyawa. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar ta ɗauki kanta a matsayin masu koyo, ta yi wa kanta irin nazarin da take yi wa wasu.

Neman wuraren da ake zamewa

Tsawon zango guda, shugabar aikin ta riƙe takarda mai layi 3: me ya faru, a ina mutumin yake a lokacin, me ke gaban idonsa. Ba ta rubuta ra'ayi ba, abin da ta gani kawai. Duk lokacin da wani ya yi abu irin na tsohon tsari, ta sa layi ɗaya. A zaman waiwaye na ƙarshen zango aka yanka takardar, aka kasa layukan gida 3: abin da mutane ba su sani ba, abin da suka sani amma ya kuɓuce musu a lokacin yi, da abin da suka sani suka kuma tuna amma wani abu ya tare su.

Gida na farko kusan babu komai a ciki, domin bitar ta yi aikinta. Gida na uku yana da abu ɗaya mai nauyi: masanin fannin ba ya samun lokacin duba daftari. Wannan babu katin da zai warware shi, magana ce tsakanin shugabanni, aka ware shi gefe. Gida na biyu shi ne fagen abin tuni, kuma duk layukansa sun taru a wuri 4: lokacin yanka aiki zuwa kati, lokacin da hannu ya sake mutum yake neman sabon aiki, lokacin aika daftari wurin masani da karɓar gyaransa, da lokacin cewa "na gama".

Daga nan ƙa'idar zanen ta fito, kuma ita ce ta riƙe duk aikin: kowane abin tuni zai amsa tambaya ɗaya, a manna shi daidai inda ake yin tambayar, kuma a iya karanta shi ba tare da an ajiye aikin da ke hannu ba.

Allon aiki

Allon shi ne babba a cikinsu, don haka ya fi cin lokaci. Asalin dabarar kanban ce, kalmar Jafananci mai nufin kati ko allon sanarwa, wadda Taiichi Ohno ya raya a masana'antar Toyota, David Anderson kuma ya kawo ta aikin ofis da na manhaja a shekarun 2000. Tsohon allon ƙungiyar layi 3 ne: za a yi, ana kan yi, an gama. Layin tsakiya ya zama rami, komai ya faɗa ciki ba a san halin da yake ba. Katin da ake rubutawa da wanda ya yi kwana 9 yana jiran masani kamarsu ɗaya.

Sabon allon farin allo ne mai faɗin mita 1.8, aka raba shi layi 7 da siririn tef baƙi: rumbun aiki (ayyukan da ke jiran lokacinsu), na wannan zango, rubutu, haɗawa, wurin masani, gwaji da masu koyo, an gama. A saman kowane layi daga rubutu zuwa gwaji akwai katin A5 mai abu 3 kacal. Sunan layin da haruffa masu tsayin santimita 3, yadda mai tsaye a nisan mita 3 zai karanta. Lamba a cikin da'ira, wadda ita ce iyakar katunan da layin zai ɗauka: rubutu 3, haɗawa 2, wurin masani 2, gwaji 2. Sai jimla ɗaya a ƙasa da ke faɗin sharaɗin fita, misali a layin rubutu: "Ba ya fita sai wani ɗan ƙungiya ya karanta shi da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe."

Lambar iyaka ita ce aka fi yi wa gardama, domin mutum yana jin cewa hana shi ɗaukar sabon aiki ɓata lokaci ne. Lissafi ne ya kashe gardamar. Dokar Little, wadda John Little ya tabbatar a 1961, tana cewa a tsarin da ya daidaita, matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya fita daidai yake da yawan abubuwan da ke ciki a raba da yawan waɗanda ke fita a ƙayyadadden lokaci. Idan ƙungiya tana iya gama kati 3 a mako kuma tana riƙe da 18, kowane kati zai yi mako 6 kafin ya fita. A cikin mako 6 manhajar ta sauya sau 3. Idan aka rage abin da ke hannu zuwa 9, lokacin ya koma mako 3, ba tare da kowa ya ƙara sauri ba. An rubuta wannan lissafi da hannu a gefen allon, layi 2, aka bar shi nan.

Amma lamba a da'ira kaɗai ba ta isa ba, ido yana tsallake ta. Abin da ya yi aiki shi ne zana gurbi. A layin rubutu aka zana murabba'i 3 daidai girman takardar manne, milimita 76 kowane gefe, a layin haɗawa murabba'i 2, haka sauran. Mai son ƙara kati na huɗu sai ya tarar babu inda zai manna shi, sai dai a kan layin tef, kuma kowa zai gani. A ƙarƙashin layin "na wannan zango" aka sa ƙaramin kati mai mataki 3 domin wanda hannunsa ya sake: duba daga dama zuwa hagu, in akwai katin da za ka taimaka ya matsa, yi shi, in babu kuma akwai gurbi, ɗauki na sama a jeri. Karantawa daga dama ita ce sirrin, domin tana sa ido ya fara sauka a kan abin da ya kusa ƙarewa.

An ƙara alama 2. Kowace safiya ana ɗiga wa duk katin da bai matsa ba ɗigo ɗaya da alƙalami a kusurwarsa, ɗigo 3 kuwa yana nufin a yi maganarsa a taron tsaye na ranar, wato gajeren taron da ƙungiya ke yi kullum a tsaye. Katin da wani abu ya tare shi ana manna masa ƙaramar takarda mai siffar alwatika, a rubuta me ya tare shi da wanda zai buɗe hanya. Cikin 'yan kwanaki layin "wurin masani" ya cika da ɗigo da alwatika. Wannan hoton ne shugabar aikin ta ɗauka ta nuna wa shugaban masanin, aka ware masa sa'a 2 sau 2 a mako domin duba daftari. Gani ya kori ji. Alistair Cockburn, ɗaya daga cikin mutum 17 na Snowbird, ya daɗe yana jaddada amfanin irin wannan allo da ke ba mai wucewa labari ba sai ya tambaya ba.

Katin yanka aiki

A nan tsohuwar ɗabi'a ta fi kafewa. Mai tsara darussa ya saba yanka aiki a kwance: a gama nazarin dukkan kashi 12, sannan daftarin dukkansu, sannan haɗawa. Aiki zango-zango yana buƙatar yanka a tsaye: a ɗauki ƙaramin abu ɗaya da ma'aikaci zai iya yi, a bi da shi tun daga rubutu har gaban mai koyo.

Aka buga tsarin jimlar a kan katin aikin kansa, da gurabe 3 na cikewa: "Ma'aikacin da ke amsa kira yana buƙatar ya iya …, domin …. Za a san ya iya idan …." Kati irin "Kashi na 4: mayar da kuɗi" ba ya shiga wannan jimla, dole mai rubutu ya tsaya ya yi tunani. Abin da ya fito maimakonsa shi ne: "yana buƙatar ya iya buɗe buƙatar mayar da kuɗi a sabuwar manhaja, domin kada ya ajiye mai kira yana jira. Za a san ya iya idan ya cike fom ɗin gwaji ba tare da ya buɗe taimako ba."

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce kati kada ya wuce aikin kwana 3. Domin wanda ya fi haka, aka yi teburin yanke shawara a takardar A5, gida 2, "idan" da "to", ana ajiye shi a tsakiyar tebur ranar tsara zango:

- Idan jimlar tana da aikatau fiye da ɗaya, to kowane aikatau katinsa daban.
- Idan akwai hanyar yau da kullum da kuma keɓantattun yanayi, to a fara da ta yau da kullum, sauran su koma rumbu.
- Idan allon manhajar bai tsaya ba, to a rubuta labarin kiran da ƙa'idarsa, a bar akwati mai launin toka a gurbin hoton.
- Idan sai masani 2 sun duba, to a raba bisa abin da kowannensu ya sani.
- Idan ana son murya ko bidiyo, to a fara fitar da shi a rubuce, muryar ta zama kati na daban.

Layi na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, kuma a nan aikin darussa ya bambanta da rubuta manhaja. Gyara jimla a rubuce aikin minti 1 ne. Gyara jimlar da aka riga aka naɗa yana nufin a sake kiran mai murya, a sake daidaita sauti da motsin allo, a sake rubutun da ke ƙasan bidiyo, in kuma an fassara kwas ɗin, a sake duk wannan a kowane harshe. Ƙungiyar da ta ɗauki "a riƙa gyarawa" ta ɗora a kan komai daidai wa daida za ta ƙare lokacinta a ɗakin naɗar murya.

Zirin da ke gaban daftari

Wannan abin tuni ba na 'yan ƙungiya ba ne, na masanin fanni ne, wanda bai halarci bita ba kuma babu dalilin da zai sa ya koyi Sikiram. Shi a saninsa, daftari in ya zo gabansa wannan ce damarsa ta ƙarshe, don haka yake zuba duk abin da ya gani, daga kuskuren ƙa'ida har launin maɓalli. Wani lokaci kuma ya riƙe daftarin ya ƙi sakinsa, domin yana jin kunyar sa hannu a kan abin da bai kammala ba.

Aka aro matakai 3 daga SAM, tsarin ƙera darussa da Michael Allen ya fitar a 2012: alfa, beta, da gwal. A allon farko na kowane daftari aka sa ziri mai akwati 3 a jere, wanda ake ciki an cika shi da baƙi, sauran fanko. Ƙarƙashinsa gida 2 gefe da gefe, "duba wannan yanzu" da "bar wannan tukuna". A alfa ana duba ko ƙa'idar daidai ce da ko labarin kiran yana faruwa haka a zahiri, a bar hotuna da salon rubutu. A beta ana duba hotunan allo, tambayoyin gwaji da amsoshinsu. A gwal kuskuren rubutu da abin da ya karye kawai. Layi na ƙarshe yana faɗin ranar dawowa, kwana 2 na aiki, a alfa kuma da wannan jimla: "Za ka sake ganin wannan darasi sau 2." Jimlar ta sauke wa masanin nauyi fiye da duk sauran rubutun. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ake so daga masani a alfa ke nan, ya tanƙwara ƙa'idar kafin a gina komai a kanta.

An kuma yanke cewa daftarin alfa ya zama baƙi da fari, da akwatunan da aka zana da hannu. Daftari mai sheƙi yana jawo abu 2, duka marasa amfani a wannan mataki: ko dai mai dubawa ya shagala da ado, ko ya ji tausayin wahalar da aka sha ya haɗiye babban gyara.

Gyaran da ya dawo yana bi ta ƙaramar taswira mai tambaya 2, manne a gefen allon kwamfutar kowane mai tsarawa. Kuskuren gaskiya ne, ko abin da ya shafi doka? In e, a gyara yanzu. In a'a, zai hana mai koyo yin aikin da ke kan kati? In e, ya hau saman rumbu domin zango mai zuwa. In a'a, ya shiga rumbu, shugabar aiki ta ba shi matsayi. Wannan ya dace da jagoran Sikiram na 2020 na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, wanda ya hana sauyin da zai rusa burin zango amma ya bar ƙofar sake tattauna girman aiki da mai ikon jera ayyukan rumbu.

Jerin "an gama"

A 1935 jirgin gwaji na Boeing samfurin 299 ya faɗi a filin jirgi na Wright a jihar Ohayo, domin ƙwararrun matuƙa sun tashi ba a cire makullin da ke riƙe sitiyarin jirgin ba. Daga wannan hatsari jerin dubawa na matuƙa ya samo asali. Jerin Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗakin tiyata, wanda ya fito a 2008, abu 19 ne, an raba su a tsayawa 3. Darasin da ƙungiyar ta ɗauka shi ne jeri na ƙwararru ba ya koyar da aiki, yana kama abin da ƙwararre ke mantawa ne. Jerin dubawa iri 2 ne: wanda ake karantawa ana yi, da wanda ake yi sannan a tabbatar. Aka zaɓi na biyu.

Katin A6 ne, manne a kan layin tef da ke tsakanin "gwaji" da "an gama", daidai inda hannu zai bi da kati. Mutum 2 ke yin sa, ɗaya yana karantawa, mai katin yana amsawa:

1. Masanin fanni ya amince a rubuce, da kwanan wata.
2. Hotunan allo sun dace da sigar manhajar, an rubuta lambar sigar a kati.
3. Kowace tambayar gwaji tana auna aikin da ke cikin jimlar kati.
4. Ma'aikata 2 aƙalla sun bi darasin ba tare da an yi musu bayani ba.
5. Hotuna suna da bayanin rubutu, kuma ana iya bin darasin da madannai kaɗai.
6. An ɗora kunshin SCORM, wato fayil ɗin darasin da aka gama haɗawa, a manhajar sarrafa karatu, an ga ta rubuta kammalawa da maki.
7. An buɗe shi a waya da kwamfuta.

Abu na 6 shi ne wanda aka fi tsallakewa a da. Darasi yana iya tafiya lafiya a Articulate Storyline, manhajar haɗa darussa, a kwamfutar mai haɗawa, amma in sharaɗin kammalawa bai daidaita ba, ma'aikaci ya gama kwas manhajar ta ci gaba da nuna bai gama ba.

An kuma yi katin taron tsaye mai tambaya 3. Bayan mako 1 aka cire shi, domin taron na minti 15 kullum ake yin sa, kowa ya haddace, kuma bin allo daga dama zuwa hagu ya fi zagayen tambayoyi amfani.

Abin da ya shafi ido

Launi 2 kawai aka yarda da su bayan baƙi da fari, kuma babu ma'anar da aka ɗora wa launi shi kaɗai. Kusan namiji 1 cikin 12 daga waɗanda asalinsu Arewacin Turai ne ba ya bambance wasu launuka da kyau, musamman ja da kore, kuma matsalar tana nan a sauran al'ummomi. Shi ya sa alamar tarewa alwatika ce, ba jan kati kawai ba. A kwafin kwamfuta an bi ma'aunin WCAG, ƙa'idodin sauƙaƙa amfani da intanet ga masu naƙasa: bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1 a ƙaramin rubutu, 3 zuwa 1 a babba. Babu jadawalin ma'anar alamomi a gefe: kowace ma'ana an rubuta ta a jikin alamarta, bisa abin da binciken Richard Mayer ya nuna cewa kalma da hoto in suna kusa sun fi shiga kai. Kowane layi yana farawa da aikatau. Duk hoton da aka cire ma'ana ba ta ragu ba, an cire shi.

Kafin a buga kowane kati an gwada shi a farar takarda da rubutun hannu. Ana miƙa wa ɗan ƙungiya katin da aiki na gaske, mai zane ya zauna shiru yana kallo. Inda mutumin ya tsaya, ko ya juya takarda, ko ya ɗago kai zai yi tambaya, nan ne gyara. A haka aka gano cewa taswirar gyara ta farko mai tambaya 5 ba a binta har ƙarshe, mutane suna tsayawa a ta biyu su yanke hukunci, aka rage ta zuwa 2.

Inda aka yi tuntuɓe

An yi gaggawar rufe katunan da leda mai ƙarfi tun da farko. Da aka rufe su sai suka zama kamar doka daga sama, ba wanda ya ƙara ɗaukar alƙalami ya gyara kalma. Aka koma takarda a cikin jakar leda mai buɗewa, kowane kati da lambar siga, kwanan wata da sunan mai kula da shi a ƙasa.

Jerin "an gama" ya yi ƙiba. Duk kuskuren da ya faru sai wani ya ce a ƙara layi, har ya kai 13, daga nan aka fara amsa "e" a jere ba a dubawa. Aka mayar da shi 7 da sharaɗi: ba a ƙara layi sai an cire wani, kuma a zaman waiwaye kawai.

Iyakar gurabe ma an zagaye ta. Da layin rubutu ya cika, sai aka fara haɗa aiki 2 a kati ɗaya, ana manna takarda a bayan takarda. Ɗigon kwanaki ne ya tona, domin irin waɗannan katunan suna kai ɗigo 6 ko 7. Da aka bincika sai aka ga laifin ba na mutane ba ne kaɗai: iyakar 2 a layin masani ta yi ƙunci ga wanda sau 2 a mako yake zama, aiki yana taruwa a bayansa. Aka ɗaga ta zuwa 3, aka rage rubutu zuwa 2, jimlar ta tsaya a 9, mai tsarawa na uku kuma ya koma shirya gwaji da ma'aikata a ranakun da babu gurbi.

Mafi wahala shi ne ranakun da rabin ƙungiya ke aiki daga gida. Aka yi kwafin allon a Trello, manhajar allon aiki ta intanet, katunan tuni kuma aka sa su a ma'ajiyar fayil, nan take suka koma halin fostan farko, domin sai an tuna da su kafin a je neman su. Gyaran shi ne a cusa kowanne a jikin aikin. Sharaɗin fita da lambar iyaka suka shiga sunan layin. Jimlar mai gurabe 3 da jerin "an gama" suka zama samfurin kati, duk sabon kati da su yake buɗewa. Zirin masani ya zama allon farko na fayil ɗin da ake fara kowane darasi da shi. Riƙe allo 2 kuwa bai yiwu ba, cikin kwana kaɗan suka saɓa wa juna, ƙungiyar ta zaɓi na kwamfuta, ta haska shi a bango lokacin taron tsaye.

A zango na 7 allon yana nuna kati 9 ko ƙasa da haka a hannu, kuma ma'aikata suna gwada darasi a kowane zango. An daina ba kowane kati maki domin auna girman aikinsa, ƙidayar kati ta ishe su tunda duk sun kusa girma ɗaya. Teburin yanka aiki an daina fito da shi sai in sabon mutum ya shigo. Naɗar murya ta kashi 5 na farko har yanzu tana rumbu, da alwatika a kanta, tana jiran masu rubuta manhaja su tsayar da sunayen maɓallai.